Takin da Na Kwashe Daga Marmarar Yaya Sale

A watan nan da muke ciki Yaya Sale ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu har na zama malamin firamare, na yi shekaru ina koyarwa, yanzu ga ni na yi ritaya. Shi kuwa bai taɓa zama a aji ba, karatun allo ya yi. In ka bar ƙauyenmu da 'yan ƙauyukan da ke zagaye da mu a ƙasar Bagwai ba lalle ka sami wanda ya san shi ba, in ma an san shi, to da Sale mai jaki aka san shi. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, kunya ce ke riƙe mini hannu, don labarinsa ba ya faɗuwa sai an haɗa da ɓarnar da na yi wa abin da ya bar mini. Bana na ce gara a ji ta daga bakina.

Sana'arsa da rani ita ce kai taki gona. Da an gama kaka zai fara bin gidaje, ya kwashe turken awaki da na tumaki, ya tone juji, ya cika mangala ya ɗora wa jakinsa su kama hanya. Kafin bazara duk gonar da ka bi ka ga taki tsibi-tsibi a jere kamar an auna, to hannunsa ne. Yakan damƙi taki ya murza, ya kai hanci, ya gaya maka ko ya nuna ko da sauransa. Wanda bai san yankinmu ba zai ɗauka ƙaramin aiki ne. Mu nan gonaki a manne suke da juna, babu daji, babu gonar da ke samun hutun ko da shekara ɗaya, taki ne kaɗai ke riƙe da ƙasar. Shi ya sa duk abin da muke ƙauna taki muke ba shi. Ko lemo mutum ya dasa a tsakar gida, kafin ya ba shi ruwa ya ba shi taki. In kuwa ana yabon manomi a majalisa, da yawan mangalar da ya zuba ake farawa.

A gefen gonar mahaifinmu ta gabas akwai wani wuri da marmara ta fito fili, ja wur, faɗinsa bai wuce harabar masallacin unguwarmu ba. Garma ba ta shiga, gero ba ya yi. 'Yar ƙasar da ke wurin a cikin tsagogin dutsen take, ba ta kai zurfin yatsa ba. To a nan wani ɗan tsiro ke fitowa kowace damina, wanda a gidanmu muke ce wa waken marmara. Yaɗo yake yi a kan dutsen, ganyensa uku-uku irin na wake amma ƙanana, masu ɗan gashi, ga ɗaci. Furensa shuɗi ne mai sirkin ja, yana buɗewa da sassafe, kafin rana ta yi zafi ya rufe. Kwasfarsa ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ƙwaya uku ko huɗu a ciki, baƙaƙe masu ɗigo-ɗigo, da tauri kamar tsakuwa. In kaka ta yi rana ta buɗe, sai ka ji kwasfar tana fashewa ƙas, ƙas, tana watsa 'ya'yanta. Ba a cin sa. An ce kakarmu ta taɓa dafa shi wuni guda, daga ƙarshe ta zubar.

Abin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta shi a jarida shi ne ban san wani wuri da yake fitowa ba bayan wannan. Yaya Sale ne ya fara lura da haka. Ya yi yawo da jaki kasuwa-kasuwa, Bichi, Tsanyawa, Gwarzo, Shanono, kuma duk inda ya hango marmara sai ya ratse ya duba. Waken gizo dai ya sha gani, irin mai hawa shinge, amma namu bai taɓa cin karo da shi ba. Ko marmarar da ke bayan makabartarmu, wadda daga gonar kana hango ta, babu shi a kanta. Ya ɗebi irin ya kai can ba sau ɗaya ba, in ya fito ma ba ya kaiwa fure. Mutanen gari suka mayar da abin na tsokana, in ya zo wucewa su ce, "Sale, yaushe za a ci ƙosan waken nan naka?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ranar da aka fara tuya da tsakuwa." Amma in mu biyu ne maganarsa daban take. Yakan ce mini, "Habu, wanda ya halicce shi ai ya san faɗin duniya, ya ga dama ya ajiye shi a gonar Baba. Ka ga ke nan mu aka ba ajiya."

Akwai shekarar da na gayyato wata malamar jami'a mai nazarin tsirrai, ta taso daga wajen Rijiyar Zaki ta zo har gonar. In faɗi gaskiya don in burge na kira ta, ina so a san cewa ni ma ina da ido. Ta durƙusa a kan dutsen ta daɗe tana dubawa tana ɗaukar hoto. Ta ce dangin wake ne babu shakka, amma ita dai ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma ba za ta yanke hukunci ba sai ta bincika. Ta nemi ta tumɓuke guda ɗaya har saiwa. Yaya Sale ya ce, "Malama, ganye da kwasfa ɗebi son ranki, saiwa kam a'a." Ba ta ji haushi ba. Da za ta shiga mota ta dube shi ta ce, "Baba, duk abin da kake yi wa wurin nan ka ci gaba da yi, kada ka canja." Ina tsaye na ji, har na yi dariya a raina, don a ganina babu abin da yake yi wa wurin.

Ga abin da idona ya gani. Mutumin da ya ƙosar da gonakin gari da taki bai taɓa zuba ko cikin tafi ɗaya a kan marmarar nan ba. Bai kewaye ta ba. In damina ta faɗi kowa ya ɗaure dabbobinsa a gida, shi sai ya ja awakinsa biyu ya turke su a wurin da rana, suna kiwo a kan abin da yake ce mini ajiya ce. Da bazara kuma in gan shi da tsintsiya yana share dutsen tas, yana tara kashin awakin a kwando yana kai wa gero. Na fassara wannan da son taki, na ce Yaya ko ƙwayar kashin akuya ba ya iya bari ta kwana a banza. Na sha yi masa tsiya ina cewa, "Kai da kake ƙaunarsa, ko mangala ɗaya ba za ka yi masa sadaka ba?" Amsarsa ɗaya ce kullum: "Malamin boko, bar shi da yunwarsa." Ban taɓa tambayarsa me yake nufi ba. Ina koyar da darasin noma a aji biyar da aji shida, ina zana saiwa da ganye a allo, ina ganin babu abin da mai jaki zai ƙara mini.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ana tsakiyar yankan gero ya kwanta, bai ga girbin dawa ba. Kwana biyu kafin ya cika ya sa matarsa, Yaya Hajara, ta ɗauko wata kwalba daga cikin adaka, irin ta man shafawa, da waken marmara a ciki har ya ɗan haura wani jan zare da aka ɗaure ta da shi daga sama. Ya miƙo mini ya ce, "Ga shi. Kada ya mutu a hannunka." Iyakar wasiyyar da ya yi mini ke nan. Har ya rasu a gandu muke, gonar Baba ba a raba ba, don haka bayan an yi arba'in aka zauna rabon gona, na ce a ba ni ɓangaren marmarar. 'Yan'uwa suka dubi juna, wani ya ce ko zan sake shawara, rabin rabon nawa dutse ne. Na ce na gani, shi nake so.

Daga nan baƙin ciki da ƙauna suka haɗu da girman kaina, na ce yanzu waken nan zai san ya zo hannun mai ilimi. Ranin farko na kewaye wurin da darni, na bi da ƙaya, na hana akuya ko leƙe. Na sa aka nemo mini takin tumaki wanda ya nuna, mangala bayan mangala, aka baje shi a kan dutsen har jan nan ya ɓace. Jama'a suka yi ta yabo, ana cewa Malam Habu ya riƙe amanar ɗan'uwansa, ni kuwa ina ta jin daɗi. Ana cikin haka Yaya Hajara ta fita takaba, tana shirin komawa gidansu a ƙasar Gezawa, ta aika aka kira ni. Ta ce, "Na ji an ce kana kai taki marmara." Na ce haka ne. Ta ce, "Malam Habu, kada ka yi wa wurin nan gata." Na ce, "Yaya Hajara, ki bar mini wannan, fannina ne." Ta juya ta ci gaba da haɗa kayanta. Har yau in na tuna kalmar nan, fannina, sai in ji kamar in nutse don kunya.

Daminar farko wurin ya yi kore shar. Waken ya yi manyan ganye, fure kuwa jefi-jefi. Na ce bai saba ba ne, da rani na ƙara masa taki. A ta biyu ciyawa ta taso, harkiya da ƙarangiya da kyasuwa har ƙugu, sai na buɗa da hannu nake ganin yaɗon a ƙasa, ya yi siriri ya yi rawaya. In na cire ciyawar, kafin mako ya zagayo ta dawo. A ta uku tushe biyar na ƙirga. A ta huɗu na shiga da rarrafe tun daga wannan kusurwa har waccan, ban sami ko ɗaya ba. Kakar shekarar na zauna a bakin darnin da rana tsaka ina sauraron ko zan ji ƙas ɗin nan, ban ji ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Abin nan ya ga zamanin kakarmu da na Baba da na Yaya, ya sha fari ya sha fara bai ƙare ba, ga shi ni da ƙaunata na gama da shi a shekara huɗu.

Sai na koma kan kwalbar. Na cika tsofaffin kwanuka da ƙasa mai taki a gida, na shuka, ina ban ruwa safe da yamma. Babu abin da ya fito. Na jiƙa wasu kwana uku na shuka, bayan wata guda na tone na tarar da su yadda na sa su. Na sake, na kuma sake. Na nemi malamar jami'ar nan a waya, lambar ba ta shiga, daga baya aka ce mini ta tafi ƙarin karatu wata ƙasa. Shekara biyu ina wannan ɗiba, kullum ina ce wa kaina wannan karon za a dace. Wata rana na ɗaga kwalbar na ga abin da ya rage bai rufe gindinta ba, jan zaren yana can sama shi kaɗai. Na zazzage a tafin hannu na ƙirga. Ƙwaya goma sha tara, kuma a iya sanina su ne suka rage a duniya.

Na san inda ya kamata in je, amma sai da na yi wata uku ina kewaye-kewaye. Ba ƙaramin abu ba ne ka je gaban matar da ka ce wa fanninka ne, ka gaya mata ka kashe abin da mijinta ya bar maka. Daga ƙarshe na sa kwalbar a aljihu na hau mota zuwa Gezawa. Na same ta a gidan ƙaninta tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa, mun tambayi na gida, sai na ajiye kwalbar a gabanta. Ta ɗauka ta jijjiga, ta daɗe tana kallon zaren.

Ta ce, "Ka san zaren nan kuwa?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Iyakar da Babanku ya ba shi ke nan. Shekarar da aka yi fari yakan ɗiba ya taimaka wa dutsen, shekarar da aka samu ya mayar. Bai taɓa bari shekara ta zagayo irin yana ƙasan zaren ba."

Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, na shuka ya ƙi fitowa."

"Ka goga?"

"In goga me?"

Sai ta riƙe baki, dariya da hawaye suka zo mata tare. Ta ce, "Oh ni Hajara! Shekara nawa yana damuna da dutsen niƙana? Ɗaya-ɗaya yake kama su ya goga, sai baƙin ya ɗan koɗe fari ya leƙo, sannan ya kai. Ya ce waɗanda suka zube da kansu, zafin dutse da kofaton awaki ke yi musu wannan aikin. Tsintsiya kuwa ban san nawa ya cinye mini ba. Kai ka ɗauka taki yake tarawa? Cewa yake in dutsen ya ƙoshi ciyawa za ta zo, in ciyawa ta zo waken ya tafi. Awakin ma don su cinye ciyawar yake kai su, shi ba sa taɓa shi, ɗaci gare shi."

Ina zaune ina jin ta, ina ganin yadda na bi aikin Yaya ɗaya bayan ɗaya na warware, ina tsammanin gyara nake. Na ce mata me ya hana ta yi mini wannan bayanin tun a lokacin. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta ta ce, "Ka tambaye ni?" Da na tashi tafiya ta miƙo mini kwalbar ta ce, "Kada ka sa ko ɗaya a ƙasa sai dutsen ya koma ja."

Ina dawowa na rushe darnin da hannuna. Na ari jaki da mangala, na sayi shebur da tsintsiyar kwakwa, na fara kwashe takin. Wanda bai gani ba ba zai gane irin abin kallon da na zama ba. Tun da aka kafa garinmu jaki in ya ɗauki taki gona yake nufa, ni ne mutum na farko da aka gani yana lodinsa daga inda aka riga aka baje shi. Masu wucewa su tsaya su ce, "Malam, lafiya? Ko hanya ce ta ɓace wa jakin?" Wasu suka ce karatu ne ya yi mini yawa. Wani dattijo kuwa da gaske ya tare ni, ya ce ni'imar Allah nake kora daga gona. Na ce, "Baba, ba zubarwa nake ba, gero zan kai wa." Ya girgiza kai ya wuce bai gamsu ba. Waɗanda suka yabe ni ina ɓarna su ne suka yi mini dariya ina gyara, kuma ban ga laifinsu ba, abin da aka koya musu shi aka koya mini.

Aikin ya fi yadda na zata. Takin ya riga ya zama ƙasa, ya shige tsagogi, saiwar ciyawa ta riƙe shi gam. Shebur ya yi nasa ya gaji, sai na koma bin tsaga da tsohuwar wuƙa ina ƙwaƙulewa, ina barin 'yar jar ƙasar da ke can ƙasa. Rani biyu na yi a kan dutsen nan a durƙushe, hannuna ya yi kanta irin wadda alli bai taɓa sa mini ba. A daminar da ke tsakani Rabi, 'yar Yaya Sale ta fari wadda ke aure a nan gari, ta ba ni aron awakinta na turke su a wurin yadda ubanta ke yi. Sau da yawa na ji kamar in bari, musamman in gwiwa ta hana ni sujada sosai. Sai in tuna ba cewa Yaya ya yi in yi ƙoƙari ba, cewa ya yi kada ya mutu a hannuna.

Da dutsen ya koma ja, ruwan shuka ya sauka, na zaro dutsen niƙan gidana daga bayan rumbu inda aka jingine shi tun zuwan injin niƙa. Na ware ƙwaya tara, na bar goma a kwalba. Ta farko da na zo gogawa na danna da ƙarfi ta dare biyu. Na zauna ina kallon ta kamar na yi kisan kai, har maiɗakina ta ce in tashi in yi alwala in dawo. Sauran takwas ɗin na bi su a hankali. Na kai su na tura cikin tsaga, na rufe da jar ƙasa, ban ba su komai ba. A kwana na shida na ga wani ɗan kore ya ɗago kai, washegari wani. Huɗu suka fito, uku suka kai fure. Ranar da na ji kwasfar farko ta ce ƙas, ni kaɗai ne a gonar, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izar Yaya.

Daminar da ta biyo baya kuma aka yi mini abin da ban yi zato ba. Tsiro ya fito a tsagogin da ban shuka komai ba, nan ɗaya, can biyu. Ashe tsofaffin ƙwayoyin da suka zube tun zamaninsa suna nan a can ƙasa, duk shekarun da na danne su da taki ba su mutu ba, jira suke a ɗauke musu. Na kira Yaya Hajara a wayar ƙaninta na gaya mata. Ta yi hamdala, sannan ta ce, "To, sai ka kama tsintsiya."

Nakan tambayi kaina abin da Yaya Sale zai ce in da zai leƙo ya ga yau. Jakuna sun yi ƙaranci, babur mai ƙafa uku ke kai taki gona, kuma samari sun fi yarda da takin zamani na buhu. Wannan ba na jin zai dame shi, mutum ne mai son a sauƙaƙa wa bawa. Abin da zai hana shi sukuni shi ne maganin feshi. Yanzu kowa goye yake da tanki, ana fesa gona har gefenta, 'yan tsirran da muka taso muna gani a kan iyaka, na miya da na magani da waɗanda ba mu san amfaninsu ba, duk sun tafi babu wanda ya yi musu ta'aziyya. Iska ɗaya mai ƙarfi ranar feshi ta isa ta gama da marmarar nan. Don haka na je na sami maƙwabcina na gabas, na roƙe shi ya bar mini kunya biyar da ke jikin dutsen kada ya fesa, ni zan nome masa su da fartanya. Ya dube ni da furfurata ya ce, "Malam, a kan waken da ba a ci?" Na ce a kansa. Shekara uku ke nan ina nome masa, noman fari da maimai, kuma zan ci gaba muddin ina iya sunkuyawa.

Masu tipa ma sun zo. Marmarar bayan makabarta sun riga sun haƙe ta, an yi cikon hanya da ita, yanzu rami ne da ruwa ke kwanciya a ciki. Sau biyu suna aiko mini in sayar musu da tawa, na biyun har da wanda nake jin nauyinsa aka haɗo su. Na ba su ruwa suka sha, na ce su gai da gida. Na san a gari akwai masu cewa taurin kai ne, ba su yi ƙarya ba. Taurin kan nan shi ya kusa kashe waken, yanzu kuwa na juya shi ya zama mai gadinsa.

Akwai abin da na tabbata Yaya Sale zai yi in ya ga wannan rubutun. Zai sa a karanta masa, in an zo wurin da nake kwashe taki ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Malamin boko, ashe kai ma ka yi sana'ar jaki." Ba zai ce ya gaya mini ba, ba halinsa ba ne. Ni ne nake cewa ya gaya mini, da kalma huɗu, bar shi da yunwarsa, na ƙi tambaya. Shi ya sa na zaunar da Rabi, wadda ita za ta karɓi kwalbar bayana, na gaya mata komai dalla-dalla, da gugar da sharar da awakin da zaren, har da abin da ba ta tambaya ba. Na kuma sa ta goga ƙwaya biyu da hannunta a gabana.

In na zauna ina lissafin abin da ya rage na Yaya Sale, ba shi da yawa. Jakinsa an sayar tun shekarar da ya rasu, mangalarsa ta ruɓe a bayan ɗaki. Takin da ya yi shekara arba'in yana zubawa, gonaki sun cinye shi tuntuni, an ci geron an manta. Abin da ya saura da sunansa shi ne ɗan wurin da ya ƙi zuba wa. A nan nake ganinsa kowace safiya ta damina in furen ya buɗe, kuma a nan nake yi masa addu'a fiye da ko'ina.

Kakar bana ta yi kyau. Na tsinci abin da na tsinta na bar wa dutsen sauran, na zuba a kwalba na ɗaga ta na duba. Saura faɗin yatsa biyu irin ya kai zaren. Baba ya ba Yaya a kan zare, Yaya ya ba ni har da ɗoriya, ni kuwa ba zan miƙa wa Rabi shi a ƙasa ba, in Allah ya ara mini damina biyu ko uku. Gwiwar tana ciwo, idon ma ya fara rauni. Sabuwar tsintsiya dai na riga na saya, tana jingine a zaure tana jiran bazara.